Lagireto na shan ruwa: yadda za ka gane ko gaskit ne kafin a buɗe inji

Da zarar tsohuwar mota ta fara shan ruwa, kusan duk garejin da ka shiga a Legas, daga Agege har Idi-Araba, maganar farko ɗaya ce: "Alhaji, tof gaskit ya ƙone." Gaskit ɗin nan shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji. Wani lokaci maganar tasu gaskiya ce. Amma sau da yawa abin da ke ɓatar da ruwan bai wuce marfin lagireto da ya gaji ba, ko tiyo da ya tsage a ƙarƙashin kilif, ko wata 'yar ɓaraka a wuyan lagireto da ba ta buɗewa sai inji ya ɗauki zafi. Cire kan silinda aiki ne na kwanaki da kuɗi masu nauyi, kuma injin da aka buɗe babu dalili, idan hannun da ya ɗaura bai ƙware ba, da wuya ya koma yadda yake. Kada ka yarda a kwance ko noti ɗaya na kan silinda sai an kawo shaida. Shaidar ana nemanta ne daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Kafin komai, ba a buɗe marfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, matsi ne kawai ya riƙe shi, kana murɗa marfin zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu. Bar motar ta huce har sai ka iya riƙe tiyon sama ka matsa shi ya lotsa.

Fara da awo

"Tana shan ruwa" ba bayani ba ne. Nawa take sha, cikin kwana nawa, a wace irin tafiya? Da safe, kafin a ta da mota, a wuri mai shafe, cika lagireto har wuya, ka cika robar rizab, wato robar ajiyar ruwa da ke haɗe da lagireto, zuwa layin sama, ka ja alama da maka a daidai inda ruwan ya tsaya. Kashegari da safe ka sake dubawa, ka auna abin da ka ƙara. Ledar fiya wata rabin lita ce, ta isa ma'auni. Yi haka kwana huɗu ko biyar. Injin silinda huɗu yakan ɗauki lita 6 zuwa 7 gaba ɗaya, to motar da ke cinye rabin lita kullum tana da matsala babba, wadda kuwa ke rage kofi ɗaya a wata yoyo ne ƙarami da ya kamata a nemo tun bai girma ba.

Lura kuma da lokacin da allurar zafi take hawa, domin wannan kaɗai yana raba hanya. Idan a cikin go-sulo take hawa, misali kana tsaye a Ojota ko Mile 12, amma da hanya ta buɗe sai ta sauka, fanka za ka fara tuhuma: fiyus, rile, na'urar da ke ta da ita, ko motar fankar kanta ta yi sanyi. Idan kuwa a go-sulo lafiya lau, sai ka hau babban titi ka ba ta wuta ko ka ɗauko kaya sannan ta hau, to ko lagireto ya toshe, ko fikafikan famfon ruwa sun cinye, ko kuma iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa.

Marfin da ake rainawa

A saman marfin lagireto akwai lamba. A yawancin motocin Japan za ka ga 0.9 ko 1.1, wato matsin da marfin ke riƙewa a ma'aunin bar, kimanin psi 13 ko 16. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin 1.1 ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Inji kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 85 da 100. Ka ga ke nan marfin da ya daina riƙe matsi ya bar inji a bakin tafasa: ka kashe mota, zafin kan silinda ya taru, ruwa ya tafasa, ya tura zuwa rizab, rizab ya amayar ƙasa. Gobe ka ga lagireto ya ragu, babu ɗigo a ko'ina.

Juya marfin ka duba. Roba biyu ne, na sama da na ƙasa, kada a ga tsaga ko taurin tsufa. Danna sifirin, ya kamata ya yi ƙarfi. A tsakiya akwai ɗan ƙaramin bawul, shi ke barin ruwa ya dawo daga rizab idan inji ya huce. Idan ya maƙale, ko siririn tiyon da ke zuwa rizab ya tsage, za ka tarar da rizab cike fal amma lagireto da saura, wani lokaci tiyon sama ya shafe kamar an tsotse shi. Sayi marfi mai lamba daidai da ta asali. Wanda ya fi ƙarfi yana fasa tsohon lagireto.

Neman yoyo a waje

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare. Ruwa fari tas da ke ɗiga ta bayan inji ɓangaren fasinja bayan an yi amfani da esi, wannan gumin esi ne, ba matsala ba. Kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake saya, yana da launi, kore ko ja ko ruwan hoda, yana da santsi a yatsa da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

Sai dai ƙaramin yoyo ba ya kaiwa ƙasa. Yana faɗa wa ƙarfe mai zafi ya ƙafe nan take, ya bar sawu: wani farin gari ko ɓawo mai launi kamar kanwa ta bushe. Da tocila za ka bi sawun. Duba inda aka lanƙwasa haƙoran alminiyam suka riƙe tankin robar lagireto, sama da ƙasa, nan ne tsofaffin Camry da Corolla da Accord suka fi zubarwa. Duba wuyan lagireto inda tiyon sama ya shiga, robar wurin takan koma ruwan ƙasa ta yi 'yan layukan tsaga sirara kamar gashi. Duba bakin kowane tiyo a ƙarƙashin kilif, da gidan tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi), da bututun ƙarfen da ke bi ta bayan inji, wanda tsatsa ke hudawa. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman don ya tona asiri: idan silinsa ya mutu, nan ruwa ke fitowa ya bar zane har ƙasa. A injin da famfon ke cikin murfin tayimin bel, sawun yakan fito ta ƙasan murfin. A jikin bulok kuma akwai wasu tosassun ƙarfe masu kama da kwabo, ruwan rijiya yana cinye su daga ciki har su huje, musamman waɗanda ke ɓoye a bayan manifol.

Kada ka manta da cikin mota. Ko ba ka taɓa kunna hita ba a zafin Legas, a motoci da yawa ruwan inji yana zagayawa ta ɗan lagireton hita da ke bayan dashbod. Ɗaga kafet na gaba. Idan ya jiƙe da ruwa mai danƙo, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo, nan ruwanka ke tafiya. Haɗa tiyo biyun hita da juna a cikin bonet ya kashe wannan magana.

Gwajin famfo

Idan ido bai gano ba, akwai famfon hannu mai geji da ake ɗaurawa a mazaunin marfin lagireto. Garejin da ya san aikinsa yana da shi, ana kuma samunsa wurin masu kayan aiki a kasuwar Ladipo. Inji a sanyaye, lagireto a cike, a buga iska zuwa lambar da ke kan marfi, kada a wuce. A zuba wa allura ido minti 15 zuwa 20. Idan ta tsaya cak, babu yoyo a sanyi, sai a maimaita bayan inji ya ɗan ɗumama, domin wata tsagar sai da zafi take buɗewa. Idan tana sauka, bi da tocila, yanzu ɗigon zai fito fili.

Idan allura na sauka amma waje a bushe ƙayau, to ruwan ciki yake shiga. Cire fulogai duka, a bar matsin a kai na awa ɗaya ko fiye ana ƙara iska, sannan a leƙa ramukan da tocila ko 'yar kyamarar waya mai igiya. Ɗigon ruwa a kan fistin shaida ce da ba ta da musu. Da wannan famfon ake gwada marfin ma, a ga ko yana sakewa a lambarsa.

Abin da gaskit ke yi, da yadda yake mutuwa

Gaskit yana kwance ne tsakanin bulok da kan silinda, yana raba abu uku da ba sa shiri: wutar silinda, ruwa, da baƙin mai. Ya danganta da inda ya fashe, alamar da za ka gani daban ce, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata. Wani zai zaro gejin baƙin mai ya ga mai tsaf, ya ce gaskit lafiya. Ba haka ba ne. Fashewar da ta fi yawa tsakanin silinda ne da hanyar ruwa, kuma wannan ba ta taɓa baƙin mai ko kaɗan.

Idan tsakanin silinda da ruwa ne, abu biyu ke faruwa. Inji na aiki, matsin silinda ya ninka na lagireto sau da yawa, sai iska ta kutsa cikin ruwa ta kore shi ta rizab. Ka kashe mota kuma, matsin lagireto ya tura ruwa cikin silinda ya kwana a can. Shi ya sa irin wannan motar da safe take tashi da kakkarwa, tana misin na daƙiƙa 20 ko 30, sannan ta daidaita. Idan aka sa mata kwamfuta za a ga lamba irin P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da abin ya shafa. Cire fulogai ka jera su a kan kwali bisa tsari. Uku za su kasance ruwan toka ko ruwan ƙasa, ɗaya kuwa fari fes kamar yau aka saye shi, wani lokaci da ɗan tsatsa a zarensa. Tururi ne ya wanke shi.

Ranar da ka murɗa ki inji ya juya rabi ya tsaya ƙam kamar an riƙe shi, kada ka sake murɗawa, kada kuma a tura. Ruwa ne ya cika silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A cire fulogai tukuna a juya inji ruwan ya fito.

Farin hayaƙi a salansa yana buƙatar natsuwa. Ɗan tururi da ɗigon ruwa da sassafe, musamman da damina, ba komai ba ne, yana ɗaukewa cikin 'yan mintuna. Na gaskit yana da kauri, yana ci gaba bayan inji ya yi zafi, yana ƙaruwa idan an ba da wuta, kuma idan akwai kulan a ciki za ka ji ƙamshin zaƙin nan. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne, wannan maganar ringi ce ko silin bawul.

Idan tsakanin ruwa da baƙin mai ne, gejin mai zai nuna ya haura layi, launinsa ya koma kamar shayi mai madara. Ɗan farin kitse a ƙasan marfin zuba mai kaɗai bai isa hujja ba, motar da ba ta doguwar tafiya tana tara wannan saboda raɓa. Haka motar da ta ratsa ambaliya, ruwan titi na iya shiga mai ba tare da laifin gaskit ba. Hanyar tabbatarwa: bayan mota ta kwana, sassauta notin juye mai a hankali ba tare da ka cire shi ba. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa, shi zai fara ɗigowa. In ka ga haka kada a ƙara ta da injin, domin ruwa a cikin mai yana cinye metal, daga nan sai nokin.

Gwaji uku da ke yanke hukunci

Na farko ba ya cin ko sisi. Da safe, inji a sanyi, marfi a rufe, matsa tiyon sama ka ji laushinsa, sannan a ta da mota a ɗan ba ta wuta. Idan cikin minti ɗaya ko biyu tiyon ya yi tauri kamar taya alhali ruwan bai ko ɗumama ba, ba zafi ne ya kawo matsin ba, iskar silinda ce. Sake gwadawa wata safiyar da marfi a buɗe da ruwa har wuya. 'Yan kumfa na farko na iya zama iskar da ta maƙale lokacin zuba ruwa. Amma kumfa da ke fitowa a jere ba yankewa, tana ƙaruwa da an taka totur, ko ruwa ya riƙa tsalle tun inji na sanyi, wannan alama ce mai ƙarfi.

Na biyu shi ne gwajin shuɗin ruwa. Wata 'yar kwalba ce da ake zuba wani ruwa mai launin shuɗi a ciki, a ɗora a bakin lagireto, a riƙa zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa cikinsa. Tun inji na sanyi a buɗe marfi, a fara rage ruwan lagireto kamar santimita 5 don kada kulan ya taɓa maganin ya ɓata sakamako. Inji ya yi zafi har tamostat ya buɗe, a zuƙa na minti biyu. Idan akwai hayaƙin ƙonewa, shuɗin zai koma rawaya a injin fetur, ko kore a na dizal. Ya canza launi, hayaƙin silinda na shiga ruwa ke nan. Bai canza ba, ba a wanke gaskit gaba ɗaya ba, domin wata ɓarakar sai inji na jan kaya take buɗewa. A zaga da motar a dawo, a bar ta ta huce kafin a buɗe marfi, a maimaita ana ba ta wuta.

Na uku awon kwamfireshan. Inji da ɗumi, fulogai duka a waje, a cire fiyus na famfon fetur, a taka totur har ƙasa, batir mai ƙarfi, a juya kowace silinda sau biyar ko shida a rubuta lamba. A injin 5S-FE na Camry mai siririyar fitila, lafiyayyen awo psi 178 ne, mafi ƙaranci 142, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 14. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Amma ƙaramin yoyo zuwa ruwa yakan tsallake wannan awon. Wanda ya fi shi kaifi shi ne a kawo fistin sama bawul duka a rufe, a hura iskar kwamfireso ta ramin fulogi, a kalli bakin lagireto. Silindar da ta ta da kumfa ita ce mai laifi.

Alama ɗaya ba ta isa a buɗe inji ba. Biyu ko uku da suka yi daidai da juna, sun isa.

Masu kama da gaskit

A mota mai giyar otomatik, man giya yana ratsawa ta cikin tankin lagireto don ya huce. Idan bututun ya huje, ruwan lagireto zai koma kamar madara mai ruwan hoda, man giya ma haka. Lagireto za a canza a wanke giya da gaggawa, gaskit ba ruwansa. Injin da ke da kular baƙin mai shi ma yana haɗa mai da ruwa idan ta fashe. Kan silinda da ya tsage kuwa yana ba da alamomin gaskit sak, ba a rabewa sai an cire.

Masu Camry 2.4 ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, su lura da wannan. Injin 2AZ-FE bulok ɗinsa alminiyam ne, kuma an san shi da cinyewar zaren ramukan notunan kan silinda na baya, ɓangaren manifol na iska, musamman bayan obahitin. Ruwa sai ya riƙa tsiyaya ta bayan inji inda ido ba ya kaiwa. Sabon gaskit kaɗai ba ya magance shi, noti ba zai kama ba. Sai an fafe ramukan an dasa sabon zare na ƙarfe.

Idan ya tabbata

Gaskit ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, zafi ne ke kashe shi. Kan silinda na alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe, ya yi obahitin sau ɗaya mai tsanani sai ya ɗan bankare, ya daina danne gaskit daidai. Wanda ya sa sabon gaskit bai gyara fankar ko lagireton da ya jawo zafin ba, ya bar jaki yana dukan taiki, kuma zai dawo garejin.

Tsaya a kan aikin ka ga an yi waɗannan. A kwance notuna daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, inji a sanyi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan silinda, a tsaye da a karkace, a zura fila geji, siririn ƙarfen auna rata, a ƙarƙashinsa. A injunan Toyota irin 5S-FE da 1ZZ-FE iyakar bankarewa milimita 0.05 ce, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Ya wuce haka, a kai wa masu injin sikimin, masu goge fuskarsa ta miƙe, a kuma roƙe su su gwada shi ko ya tsage. A auna fuskar bulok ma. A share ramukan notuna a busar, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami yana hana noti zama, har yana fasa bulok. A sayi gaskit mai kyau, a ɗora shi a bushe, ba a shafa masa gam. Ɗauri kuma da sifanar awo ake yi, daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki. A waɗannan injuna biyu ana kaiwa Nm 49 sannan a ƙara juyi na digiri 90. Irin waɗannan notuna suna miƙewa idan an ɗaure su, don haka a auna su, wanda ya sirance a canza. Ɗaurin "hannuna ya san daidai" da dogon bututu shi ke sa gaskit ya sake tashi bayan wata biyu.

Maganin toshe yoyo na kwalba, da ɗanyen ƙwai ko garin barkono da wasu ke zubawa, na iya kai ka gida daga kan hanya. Amma siraran hanyoyin lagireto suke fara toshewa, kuma ba sa iya tsayawa gaban wutar silinda na dogon lokaci.

Abu biyu da aka saba yi a Legas suna rage wa inji kwana. Na ɗaya cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da zarar tokumbo, motar hannu da aka shigo da ita daga waje, ta sauka, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat na yawancin Toyota yana fara buɗewa a digiri 82, a zafinmu ma aikinsa yake yi. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha fetur, a wasu injuna kuma ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai ratsa lagireto sosai ba. Idan ana zarginsa, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Bai buɗe ba, a sa sabo. Na biyu zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Ruwan unguwanni da yawa na kusa da teku yana da gishiri, wani kuma ƙarfe, su ke cin alminiyam da bakin gaskit da fikafikan famfo. A haɗa kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. Kada a zuba ruwan batir mai asid a lagireto. Tsohon kulan da aka juye kuma guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a buɗe inda yara ko awaki ko kyanwa za su kai baki.

Bayan an ɗaura, a canza baƙin mai da filta kafin a ta da inji, idan ruwa ya taɓa shiga mai a sake canzawa bayan 'yan kwanaki. A cika ruwa a hankali, gaban mota ya ɗan ɗaga, hita a kan zafi, marfi a buɗe, a bar ta a silo ana matsa tiyo har kumfa ta ƙare, tiyon ƙasa ya yi zafi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Sannan a rufe, a cika rizab zuwa layi, a ja sabuwar alama. Safiya ta farko da ta biyu ruwan na iya ɗan sauka saboda ragowar iska. Daga ta uku ya kamata ya tsaya a kan alamar.